Yadda ake canja kiremayar sitiyari a gida

Rairayi shi ne babban abokin gabar kiremaya a nan Damagaram. Kiremaya ita ce doguwar sandar ƙarfen nan mai haƙora da ke kwance a bayan inji, tsakanin tayun gaba biyu. Waɗanda suka yi koyon aiki a Kano suna ce mata rak. Idan ka murza sitiyari, wani ɗan ƙaramin giya ne ke tura sandar hagu ko dama, ita kuma ta ja tayun. A kowane gefenta akwai roba mai ninki-ninki, wato sufle, da ke hana ƙura shiga. Rana ta busar da robar, gargadar hanyar ƙauye ta tsaga ta, rairayi ya samu ƙofa, ya cakuɗu da giris ya dinga cin ƙarfe kamar zarto. Daga nan sai yoyon mai, sai ƙwanƙwasa, sai sitiyari ya fara wasa a hannu.

Na yi wannan aiki sau da yawa a tsakar gida, mafi yawa a kan tsofaffin Toyota irin su Corolla da Carina E, masu ja da tayun gaba, masu sitiyarin da ke aiki da mai. A kansu zan yi bayani. Ƙarfi kaɗan aikin ke buƙata. Abin da ke raba wanda ya gama lafiya da wanda ya jawo wa kansa asara shi ne yin alama da ƙirge kafin a kwance kowane abu.

Fara tabbatar da cewa ita ce ta lalace

Ka ɗaga gaban motar, ka kama taya da hannu biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ka girgiza, wani kuma ya leƙa ƙasa. Idan wasan yana wurin rotil, wato ƙwallon da ke haɗa ƙarshen sandar da ƙarfen taya, to rotil kawai za ka canja, kuɗinsa bai kai ko kusa da na kiremaya ba. Idan mai yana ɗiga daga tiyo ko daga famfon sitiyari, can matsalar take. Amma in ka zame bakin sufle mai ya kwararo daga ciki, ko sandar kanta tana motsi sama da ƙasa a cikin gidanta, to kiremayar ta gama aiki.

Kayan aiki

- Jak, da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota
- Katako mai kauri, da duwatsun tare tayun baya
- Sifanu da soket masu lamba 10, 12, 14, 17, 19 da 21, da dogon hannu na ƙara ƙarfi
- Sifanar tiyo, mai kama da zobe da aka ɗan tsaga bakinta
- Guduma, filaya, sukuddireba
- Abin ɓalle rotil, in akwai
- Sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ko ta aro ce
- Fenti ko alƙalami mai farin ruwa, mitar awo, da igiya siririya
- Babban sirinji da guntun tiyo, roba ta tarar mai, tsummoki, ledoji masu tsabta
- Man fesawa na sassauta tsatsa
- Man sitiyari lita 2, sababbin zobban roba na bakin tiyo, da sababbin ƴan ƙusoshi masu baki biyu na kulle notin rotil
- Tocila, da wayarka domin ɗaukar hoto

Game da mai, ka karanta abin da aka rubuta a murfin tankinsa. Tsofaffin Toyota suna shan jan man giya, ATF Dexron II ko III. Honda tana da nata na daban, in ka zuba mata wani zai lalata robobinta. Man birki kuwa kada ya kusanci wannan tanki ko da ɗigo ɗaya.

Zaɓen wadda za ka saka

A nan mutane suka fi yin asara, saboda haka zan ɗan daɗe. Yawancinmu ta hannu muke saya, ko a shagunan kayan mota na cikin gari ko a aiko mana daga Ƙofar Ruwa a Kano. Abu na farko, mu a Nijar sitiyarinmu a hagu yake, haka ma Najeriya da ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Amma kayan gyara da yawa daga motocin Japan da Ingila ake kwanto su, su kuma nasu sitiyarin a dama yake. Kiremayar irin waɗannan motoci ba za ta taɓa zama a taka ba, ko da sunan motar da shekararta ɗaya ne. An taɓa aiko mini da irinta, ban lura ba sai da na riga na fitar da tsohuwar, motar ta kwana 4 a kan ƙafafun ƙarfe kafin a musanya. Tun daga ranar ba na kwance komai sai sabuwar tana gabana na duba gefen da kan giyarta yake, wato ɗan ƙarfen da sandar sitiyari ke haɗuwa da shi.

Ka tafi da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana cikin takardar motar. Idan kana gaban mai kaya, ka naɗe kan giyar da tsumma, ka kama da filaya, ka murza daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya kamata ta tafi sumul, ba tare da cijewa a wani wuri ba. Ka zame sufle biyun ka duba sandar: tsatsa ko ƙarzuwa a jikinta yana nufin za ta yanka robar ciki ta fara yoyo nan ba da daɗewa ba. Hannuwan ciki, wato siraran ƙarafan da ke tsakanin ƙarshen sandar da rotil, su ma ka ɗaga su ka saki. In suka faɗo laƙwas da kansu, sun gaji. Ku yi magana da mai kayan tun kafin ka biya cewa in ta yi yoyo za ka dawo da ita. Kuma ko da suflenta suna da kyan gani, ni sababbi nake sakawa, don robar da ta daɗe a ajiye ba ta jure ranar Afrilu da Mayu.

1. Shirya wuri da kulle sitiyari

Ka sami daɓen siminti mai lebur. In babu, tsakar gida rairayi ne, to ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak da kowace ƙafar ƙarfe, don rairayi yana zamewa a hankali ba tare da ka ji ba. Ka fara bayan sallar asuba, ƙarfe bai ɗauki zafi ba. Ranar da iskar hunturu ke tashi da ƙura ka haƙura, domin za ka buɗe tiyo, ƙura kuma ita ce ta kashe ta farkon. Sabon hannu ya ware yini guda cur, kuma ya sami wanda zai tsaya tare da shi. Yara su yi nisa.

Ka miƙe tayun gaba sak, sitiyari yana tsakiya. Ja birkin hannu, tare tayun baya. Cire makulli, sannan ka zura bel ɗin kujera ta cikin sitiyari ka ɗaure shi tam. Cire wayar batir ta baƙi, mai alamar ragi, ka jira. Toyota ta ce daƙiƙa 90, ni nakan ba shi minti 5.

Dalilin ɗaure sitiyarin: a bayansa akwai wata siririyar waya a nannaɗe kamar tef, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska, wadda ke buɗewa lokacin hatsari. Zagaye kaɗan take iya yi kowane gefe. Da zarar ka raba sitiyari da kiremaya, babu abin da zai tsayar da shi, ko yaro ya taɓa sai ya yi ta juyawa. A aikina na farko ban ɗaure ba, wayar ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama, na sayi abin da ban shirya saya ba.

2. Ɗaga mota

Sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa. Ɗaga, saka ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin jikin motar inda ƙarfe yake da ƙarfi, a bayan tayun gaba. Kada ka tokare a jikin barso, wato babban ƙarfen da kiremaya ke zaune a kansa, don mai yiwuwa sai ka sauke shi. Cire tayu, ka tura su kwance a ƙarƙashin motar, su zama kariya ta biyu. Girgiza motar da ƙarfi kafin ka shiga.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada ka ɗora ta a kan bulon siminti, yana fashewa farat ɗaya ba gargaɗi. In ba ka da ƙafafun ƙarfe, gungumen itace mai ƙwari, mai lebur sama da ƙasa, ya fi bulo nesa ba kusa ba.

Yanzu ka ɗauki hotuna ta kowane gefe, ka fesa man tsatsa a kan duk notin da za ka taɓa.

3. Zuƙe tsohon mai

Da sirinji ka zuƙe abin da ke cikin tanki. Cire tiyon da ke dawo da mai, ka bar sauran ya zuba a roba. Ka duba man: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko kana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, famfon ma yana kan hanya, ka sa ido a kansa.

4. Ɓalle rotil

Kafin komai, sassauta notin kulle da ke kan sandar, a bayan rotil, rabin zagaye kawai. Yanzu ya fi sauƙi tun komai yana ɗaure. Sai ka miƙe ƴar ƙusa mai baki biyu ka zare ta, ka kwance notin rotil har ya zo daidai bakin zaren, ka bar shi a nan.

In kana da abin ɓalle rotil, sai ka matsa har ka ji ƙarar fitarsa. In babu, ka buga guduma a gefen ƙarfen tayar, daidai inda ƙwallon ya shiga, bugu mai kyau biyu ko uku, zai saki. Kuskuren da na fi gani shi ne a buga kan zaren ta sama. Zai baje, noti ba zai ƙara shiga ba.

Idan za ka mayar da waɗannan rotil a kan sabuwar, ka kwance kowanne kana ƙirga zagayen da ya yi kafin ya fita. Rubuta a takarda: hagu kaza, dama kaza. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, zuwa la'asar ka manta.

5. Raba sandar sitiyari

Sandar da ke saukowa daga sitiyari tana haɗuwa da kan giyar kiremaya ta wata gaɓa mai bulon ɗaya. A wasu motocin ta cikin mota ake samunta, a ƙasan fedar birki, bayan an ɗaga robar da ke rufe wurin. A wasu ta ƙasa. Ka ja layin fenti ɗaya da ya ratsa gaɓar da kan giyar. Cire bulon ɗin gaba ɗaya, sassautawa ba ta isa, domin yana ratsa wani tsagi ne a jikin ƙarfen. Sannan ka tura gaɓar sama. In ta cije, ka ɗan buɗa tsaginta da bakin sukuddireba, ka ƙara man tsatsa. Ban da duka mai ƙarfi.

6. Kwance tiyo biyu

Ɗaya na kawo mai da ƙarfi daga famfo, ɗaya na mayar da shi tanki. Ka goge wurin tas kafin ka taɓa. Notocinsu masu laushi ne, sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwoyinsu nan da nan, shi ya sa ake amfani da sifanar tiyo. In ba ka da ita, ka sami sifana mai zobe da ba ka ji da ita, mai walda ya yanka mata ƙofa daidai kaurin tiyon. Da an kwance, ka rufe bakin kowanne da leda ka ɗaure. Ƙananan tiyon ƙarfe da ke kwance a jikin kiremayar kanta ka bar su, tare suke fita.

7. Fitar da tsohuwar

Bulon biyu ne ko huɗu ke riƙe da ita, wani lokaci da maɗauri mai roba. Ka lura da yadda kowanne ya shiga, ta sama ko ta ƙasa. Bayan nan sai motoci su bambanta. A wasu za ka zaro ta ta gefen direba kana ɗan juya ta. A wasu sai ka kwance sandar da ke hana mota tangaɗi, ko gaban salansa, ko kujerar inji ta baya. In kujerar inji za ka taɓa, ka tokare injin da jak da katako tukuna. In kuma babu hanya sai an sauke barso, ka zana fenti kewaye da bulon ɗinsa don ya koma mazauninsa, ka tallafe shi da jak, ka sauke bayansa kamar faɗin tafin hannu. Yana da nauyi, kada ka sa kanka a ƙarƙashinsa.

Idan ta ƙi fita, akwai abin da ka manta, sau da yawa ɗan maɗaurin tiyo ne ko farantin kare zafi. Ka haska tocila ka nemo shi maimakon ja da ƙarfi.

8. Tsayar da sabuwar a tsakiya

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin. Ka kwantar da su biyun gefe da gefe a kan kwali: tsawo, ramukan bulon, bakin tiyo, tsawon kan giya da haƙoransa, duk su zo ɗaya.

Sai ka murza kan giyar sabuwar har ƙarshen hagu. Yi alama. Murza zuwa ƙarshen dama kana ƙirgawa, yawanci zagaye 3 ne ko kusa da haka. Raba biyu, ka dawo da rabin. In ka samu 3, ka dawo 1 da rabi. Don ka tabbatar, ka auna da mita yadda sandar ta fito ta kowane gefe, ya zama daidai. Ka yi sabuwar alama a kan giyar da gidanta, saboda in ta motsa wajen sakawa ka gane.

Wanda ya tsallake wannan zai ga motarsa tana juyawa sosai ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma ba ta kaiwa, kuma wayar nan ta bayan sitiyari tana iya tsinkewa ranar da ya murza har ƙarshe. Mai saitin tayu ba zai iya gyara wannan da kyau ba, sai an sake kwancewa.

Yanzu ka ɗaura rotil da adadin zagayen da ka rubuta. In sababbi ne kuma tsawonsu ya ɗan bambanta, ka bar ƙirge ka koma ga mita: auna tsohuwar daga tsakiyar ƙwallon hagu zuwa na dama, ka mayar da sabuwar haka, kana raba bambancin daidai tsakanin gefe biyu.

9. Wanke hanyar mai

Kada dattin tsohuwar ya shiga sabuwar. Cire tankin ka wanke rariyar da ke gindinsa, ka bari ya bushe sarai. Mayar da shi, zuba sabon mai, sassauta bel ɗin famfo ka juya famfon da hannu, bakin tiyon da ke kawo mai daga famfo yana cikin roba, har man da ke fita ya koma ja garau. Sannan ka ɗaure bel ɗin.

10. Sakawa

Ta hanyar da tsohuwar ta fita sabuwar za ta shiga. Ka saka bulon ɗinta amma kada ka ƙulle tukuna. Haɗa tiyo da sababbin zobban roba da ka shafa wa mai. Ka fara ɗaura notocin da yatsu, su shiga zagaye 3 ko 4 ba tare da sifana ba. Gidan kiremaya na alminiyom ne, noti ya shiga a karkace sau ɗaya ya isa ya ɓata zaren, ka yi asarar kayan da ka saya yanzu. In ya cije tun farko, ka fitar ka sake.

Duba alamarka ta tsakiya, duba sitiyari yana nan a miƙe, sannan ka zura gaɓar sandar, ka saka bulon ɗinta ya ratsa tsagin. Ƙulle bulon ɗin kiremaya, mayar da barso kan zanensa da duk abin da ka kwance. Saka rotil a ƙarfen taya, ɗaure noti, zura sabuwar ƙusa mai baki biyu ka lanƙwasa. In ramin bai daidaita ba, ka ƙara ɗauri kaɗan, kada ka sassauta. Ƙusar kafinta ko guntuwar waya ba sa maye gurbinta.

Ƙarfin ɗaurin kowane bulon yana cikin littafin gyaran motarka, kuma ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta. Notocin taya na waɗannan Toyota 103 Nm ne a kan sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Kafin ka mayar da tayu, ka bi wurare uku da sifana a karo na biyu: bulon ɗin gaɓar sitiyari, notocin rotil, da notocin kulle. Rayukan mutanen da za ka ɗauka suna rataye a kan waɗannan.

11. Zuba mai da fitar da iska

Motar tana sama, inji a kashe. Kwance bel ɗin da ka ɗaure sitiyari da shi, mayar da wayar batir, murza makulli don sitiyari ya saki. Cika tanki. Murza sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau 15 zuwa 20, abokin aikinka yana kallon tanki yana ƙara mai duk lokacin da ya sauka. Idan ƙwayoyin iska suka daina tasowa, ka tayar da inji na ƴan daƙiƙu ka kashe, ka ƙara mai. Sake tayarwa, ka murza wasu zagaye. Kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5, famfo yana wahala.

In man ya yi kumfa ko famfo yana kuka, akwai sauran iska. Kashe inji, ka ba shi rabin awa kumfar ta kwanta, ka maimaita. Sannan ka shiga da tocila ka duba bakin tiyo biyun, inji yana aiki.

Idan motarka mai sitiyarin lantarki ce, kamar Yaris da Corolla na baya-bayan nan, matakai na 3, 6, 9 da zancen mai na mataki na 11 ba su shafe ka ba, amma in fitilar sitiyari ta kama bayan aikin, sai mai kwamfutar mota ya saita ta.

12. Saitin tayu da gwaji

Sauke motar, ka tura ta gaba da baya ƴan taku don ta zauna. Ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba a tsayin tsakiyar taya, kowane gefe, ka ga ko wata ta karkace da yawa. Sai ka auna tazarar tayun gaba biyu, ta gabansu da ta bayansu, daga layi ɗaya na zanen taya. Bambancin kada ya wuce milimita 1 zuwa 2. In ya wuce, sassauta notin kulle da ɗan maɗaurin bakin sufle don kada robar ta murɗe, ka juya hannun ciki daidai wa daida a gefe biyu, ka sake ƙullewa.

Wannan saitin na kai ka wurin masu na'ura ne kawai. Ka fara zagaya unguwa a hankali, ka juya hagu da dama har ƙarshe, ka taka birki, ka saurara. Ka gwada hon, ka duba fitilar jakar iska ta mutu. Daga nan ka wuce a yi maka saitin tayu na gaske kafin ka hau hanyar Mirriya, Matamaye ko Tanut. Ƙaramar karkata tana cinye sabuwar taya cikin ƴan makonni a kan kwalta mai zafi.

Daren farko ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, da safe ka duba ko akwai ɗigo. Bayan mako ɗaya ka sake ɗaga ta, ka bi bulon ɗin kiremaya da notocin rotil da sifana, ka duba yawan mai, ka matsa sufle biyun da yatsa ka ga ko sun zauna daidai a bakinsu.